Kada Ki Yi wa Hita Juye

Birnin Kudu.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ke da amaryata Nana, kun kuma iske mijinki Malam Sabi'u cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa kun shiga ƙasar a sa'a, Ya tsare ku daga abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Na san za ki yi mamakin ganin ambulan a tsakiyar zannuwanki, alhali muna zaune tsakar gida ɗaya har ranar tafiya ban ce miki uffan ba. To kin san halin gidanmu. In na buɗe baki Innarki za ta karɓe zancen ta ƙarasa mini shi ba yadda na nufa ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Labarin gida ba ni da shi, ke kika baro shi. Maganata ɗaya ce, ɗakin da Nana za ta riƙa kwana. Mijinki ya faɗa mini a waya cewa gidan da ya kama muku a Ingila yana da ƙarafan ɗumama ɗaki a jikin bango, amma na ɗakin yarinyar sanyi ƙarara, ya rasa dalili. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin ƙirjin Nana, da sanyi ya taɓa ta sai numfashi ya fara fito. Sannan ranar da Gwaggonki Asabe ta zo daga Kangire ta kawo miki kasko na sallama, da kunnena na ji kin ce, "Ai an ce ana sayar da gawayin gashin nama a can, in sanyi ya matsa sai in ɗan hura." Kowa ya yi dariya, ban da ni. Zan faɗa miki dalili a ƙarshe. Amma bari in fara da wautar da za ki iya yi mini dariya a kanta, don ina da ita da yawa.

Tun ba a haife ki ba, ina aikin injinan ban ruwa, ma'aikatarmu ta tura ni kwas na wata uku a ƙasar nan da kike ciki. Aka sauke ni a wani gidan ɗalibai. A ɗakina akwai wani farin ƙarfe mai haƙarƙari a ƙarƙashin taga, daga ƙasansa kuma wani abu mai kama da kan famfo. Na kasa kunne, sai na ji ruwa yana tafiya a ciki, tsul-tsul. Uwata, ni fa a Sara na tashi, inda muke tafiya mai nisa da tulu kafin mu ga ruwa. A wurinmu wanda ya bar famfo a buɗe ba shi da tarbiyya. Na ce kai, Turawan nan da almubazzaranci suke. Na sa hannun makanike na murɗe shi tamau.

Kwana goma sha biyu na yi ina makyarkyata. Duk rigar da na zo da ita a jikina take, har babbar rigar da na tanada don ranar karɓar takardar shaida, na naɗe kai da rawani kamar mai shirin hawa raƙumi. Kuma abin bai tsaya a ɗakina ba. Da na ga irin famfon nan a baranda da ɗakin girki da wurin cin abinci, duk a buɗe, sai na ɗauke shi aikin lada. Kullum da safe in na fito sai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina rufewa. Ɗaliban gidan suka yi ta kai ƙara cewa tukunyar ɗumama gida ta lalace, aka kira masu gyara har sau biyu, suka duba ba su ga komai ba.

Wani tsohon Bature mai kula da gidan shi ya kama ni, da hantsi, ina durƙushe a baranda ina murɗawa da hannu biyu. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ashe kai ne." Na miƙe da fara'ata na ce ba komai, ba sai ya gode mini ba, a garinmu haka muke yi. Ya dube ni, ya dubi rawanin, sai da ya dafa bango don dariya. Sannan ya ce, "Me ka zo koyo?" Na ce injina. Ya ce, "To ruwan lagireton mota in yana zagayawa, zubewa yake yi?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ruwan zafi ne yake tasowa daga tukunya ta bututu, ya ratsa ƙarfen, ya koma inda ya fito, ko ɗigo ba ya ɓata. Abin da na ɗauka kan famfo, bawul ne, shi yake ba ruwan hanya.

Saboda haka kafin ki sayi komai, ki durƙusa gaban lagireton ɗakin Nana ki duba bawul ɗinsa. Mai yiwuwa wanda ya zauna gidan kafin ku ɗan uwana ne a tunani. Za ki ga guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Na gefen da ke da hula rufaffiya, wanda ba ya murɗuwa da hannu, ki bar shi yadda kika same shi, masu aikin ne suka daidaita shi don kowane ɗaki ya sami rabonsa na ruwa. Ɗayan shi ne naki. In murɗawa kawai ake yi babu lamba, to buɗe da rufe ne aikinsa, kamar famfo. In kuma yana da babban kai mai lambobi daga ɗaya zuwa biyar, kin dace, shi ne wanda nake so a ɗakin yarinya.

Shi ma mai lambar sai da na yi abin kunya da shi. Da tsohon ya buɗe mini ido, sai na ce bari in rama kwanakin da na yi asara. Na kai shi biyar, ina ganin totur ne irin na babur, in ka ƙara murɗawa ka ƙara gudu. Ɗakin bai yi saurin ɗumi ko da minti ɗaya ba, amma da ya tashi yi, sai ya zama kamar Gwaram a tsakiyar bazara. Na tuɓe, na buɗe taga, sanyi ya shigo, na rufe, zafi ya dawo, haka na yini ina kai da kawo har mura ta kama ni. Ashe lambar ba gudu take ƙarawa ba. Faɗa masa kike yi inda zai tsaya. A cikin kan nan akwai abin da yake jin zafin ɗaki, in ɗumi ya kai inda kika ce sai ya tsuke hanyar ruwa da kansa, in ya sauka ya sake buɗewa. Ki sa shi a uku, ki ba shi yini guda, sannan ki ga ko za ki ƙara ko ki rage. Kuma kada labule ko gado ya rufe masa kai. Ni hulata na rataya masa, ya ji ɗumin hula ya zaci ɗaki ne ya yi zafi, ya rufe abinsa ya bar ni.

In kin buɗe bawul amma ƙarfen bai motsa ba, wataƙila ɗan tsinken da ke ƙarƙashin kan ne ya maƙale don ya daɗe a rufe. In kuma ƙasansa da zafi samansa da sanyi, iska ce ta taru a ciki. A can sama a gefe akwai wata 'yar ƙusa mai kusurwa huɗu. A kashe tukunya, a bari ƙarfe ya huce, a tara tsumma, a sa ɗan makulli a murɗa kaɗan, ba a cire ta gaba ɗaya. Za ki ji huci kamar an taka kumurci, kada ki gudu, ni na riga na gudu a madadin zuri'armu duka. Da ruwa ya fara ɗigowa sai a mayar a ɗaure.

Idan ya kama sai an canza bawul ɗin, gidan haya ne, a fara gaya wa mai gida. Ki roƙe shi mai lamba. Ki ɗauki hoton yadda bututun ya zo, don wanda ya fito daga ƙasa ya lanƙwasa da wanda ya zo miƙe ba bawul ɗaya suke ɗauka ba, kaurin bututu ma ba ɗaya ba ne. Kuma don Allah kada ki bar Malam Sabi'u ya ɗauki sifana. Yaron kirki ne, ina son shi, amma na ga yadda ya ɗaura mana ƙyauren bayan gida, har yau sai an ɗaga shi da kafaɗa.

Yanzu maganar hita. Ko lagireto ya gyaru, za ki buƙaci ta wutar lantarki guda ɗaya, don ranar da tukunya ta yi gardama, ko lokacin da ɗaki ɗaya kawai kike son ɗumamawa. Kin tuna buzun Malam, kakanki, mai baƙin tabo a gefe? Kina firamare kika tambaye ni me ya ɓata shi, na ce miki fitila ce. Allah Ya yafe mini, ba fitila ba ce, ubanki ne.

Lokacin da tsufa ya kama Malam ya bar wa ƙannena makarantar allonsa a Sara ya dawo wurinmu, gwiwoyinsa ba sa shiri da sanyi. Na je Kano wurin masu kayan gwanjo, na ga wata hita mai haƙarƙari da tayoyi, sak lagireton da na sani. Mai kayan ya ce, "Alhaji, wannan ita ce mai mai." Na ce me? Ya ce, "Mai mai. Mai ne a cikinta." Na kawo ta gida, ta yi wata guda tana aiki lafiya lau, babu ƙara babu wari. Malam yana zama kusa da ita da carbinsa yana sa mini albarka.

Sai ilimi ya motsa mini. Shekara nawa ina faɗa wa manoma cewa duk abin da ke da mai a cikinsa yana son juye? Ga abu na gwanjo, wa ya san yaushe rabon da a canza masa mai? Innarki ta gan ni na kwantar da hitar a tsakar gida ina neman noti, ta ce, "Maigida, abin nan fa lafiyarsa ƙalau." Na ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki, wannan fannina ne." Na nemi wurin juye sama da ƙasa ban samu ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, tunda ba su yi mata ƙofa ba, ba sa son a shiga. Ni kuwa sai na ce mantawa suka yi, na huda mata da kaina. Man da ya fito garau yake kamar ranar da aka zuba shi. Duk da haka na ɗura mata baƙin mai na injin ban ruwa, sabo dal, na toshe hudar da noti da roba.

Ko rabin awa ba ta yi a kunne ba ɗakin Malam ya koma warin garejin Tashar Gwaram. Robar ta saki, mai ya bi ƙasa ya sami buzu. Malam ya ɗaga ƙafarsa, ya dubi man, ya dube ni, ya ce, "Kai da ka ce ba ta shan komai, ga shi har ta yi amai." Innarki tana bakin ƙofa tana kallo. Har yau in na kama gyaran abin da bai lalace ba, cewa take, "Za a yi juye ke nan."

To ki ji. Man cikin hitar nan ba ƙonewa yake ba, ba ya ƙarewa, ba a ƙara shi, ba a canza shi. Wuta ce take ɗumama shi, shi kuma ya riƙe ɗumin ya riƙa saki a hankali, ko an kashe ta sai ta jima ba ta huce ba. Shi ya sa na fi son ta ga mai ƙirji irin na Nana a kan mai jan ƙarfe da ke ƙona ƙurar ɗaki, ko mai fanka da ke hura iska a fuska. Sai dai tana da nawa, haƙuri ake yi da ita, ki kunna tun kafin a shiga ɗakin. Ranar da kika ga tana yoyo, ko ɗigo ɗaya ne, ta gama aiki, a fitar da ita, kada a kai ta gyara.

In kin je saye, ki sayi sabuwa, ban yarda da gwanjo a wannan ba. Ki auna ɗakin da ƙafa ki faɗa wa mai shago, don ƙarama a babban ɗaki wahalar da kanta kawai za ta yi, babba a ƙaramin ɗaki kuma ta cinye muku wuri a banza. Ki tabbata tana da abin murɗawa da ke tsayar da ita in ɗumi ya kai, tana kuma kashe kanta in ta yi zafi fiye da kima ko in ta faɗi. Wannan na faɗuwar kada ki yi wasa da shi, na san amaryata, duk abin da ke da taya mota ne a wurinta. In kin sami wadda aka rufe haƙarƙarinta da murfi, ita ta fi, saboda 'yan yatsu. A tsaye take aiki, nesa da gado da labule. Ki soka ta a soket ɗin bango kai tsaye, ban da wayar jone-jonen nan da muke tara wa rediyo da caja da fanka. Kuma na san ki da shanya, kin gado ta wurin Innarki, duk abin da ya yi ɗumi sai kun ɗora masa zane. Hita ba igiya ba ce, kada ki rufe ta ko da safar Nana.

Saura maganar kasko. Wannan ban taɓa faɗa miki ba, Innarki ma ba ta taɓa ba, don na roƙe ta.

An haife ki a Sara cikin tsananin sanyi, ban daɗe da dawowa daga kwas ɗin nan ba. Innarki tana jego, ana sa mata garwashi a kasko a ɗaki kamar yadda ake yi wa kowace mai jego. Ɗakin na ƙasa ne, ƙyaurensa da tagarsa duk kafofi, iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama, kuma haka iyayenmu suka yi ta yi ba abin da ya same su. Ni kuwa na dawo da kai cike da abin da na gani. A can ko allura ba ta samun hanya a jikin taga. Na ce ai shi ya sa ɗakunansu ke riƙe ɗumi. Wata safiya na tara tsummoki na toshe kowace kafa, ƙasan ƙyaure, gefen taga, har 'yar hudar da ke saman bango. Na ƙara gawayi a kasko, na ja ƙofa, na tafi fadama ina jin na yi wa iyalina gata.

Sifana na manta, ita ta dawo da ni. Na yi sallama ba a amsa ba. Na tura ƙofa na ga Innarki a jingine da bango, idonta biyu amma ta kasa ɗaga kai, ta ce mini da ƙyar kanta ne ke sarawa. Babu hayaƙi a ɗakin, Uwata, ko kaɗan, babu wari. Na ɗauke ki, kwananki goma sha tara a duniya, na ji kin yi laƙwas a hannuna. Ihun da na yi ne ya kawo mahaifiyata, wadda kike ɗauke da sunanta. Ta fizge ki ta yi waje, ta ce in jawo matata, ta dawo tana fincike tsummokin nan tana jifa da su tsakar gida. Sai da kika yi kuka sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Garwashi da mutum numfashi ɗaya suke rabawa. Wa ya ce ka rufe musu hanci?" Muka kai ku asibiti a Gwaram, Allah Ya sa da sauran kwana.

Na san kin karanta wannan a makarantar jinya, kin san sunan iskar da Turanci, ni ban riƙe shi ba. Amma kin tashi kina ganin kasko a kowane ɗaki bai taɓa yi wa kowa komai ba, shi ya sa kika faɗi maganar nan kina dariya. Ɗakunanmu ne suke da kafofi. Wanda kike ciki yanzu, tun daga wurin magina a toshe yake, ya fi wanda na toshe da tsumma sau goma. Gawayi ba ya shiga gidan nan, ko na minti biyar, ko don turare. In babu ƙararrawar da ke jin wannan iskar a gidan, ki sa mai gida ya saka, tunda tukunyarku ma wuta take ci.

Saboda haka in kin zazzage jakar nan kina neman kaskon Gwaggo, kada ki zargi ma'aikatan filin jirgi. Ni na cire shi, Innarki ce ta riƙe mini bakin jakar. Wannan ne karo na farko da na taɓa kayan da ba su lalace ba ba ta ce za a yi juye ba. Yana nan a ɗakinta, ranar da kuka zo hutu za mu hura miki shi a tsakar gida, inda sama take a buɗe. Gwaggonki dai ba sai ta ji ba, in ta tambaya ki ce kaskon yana nan lafiya, ba ki yi ƙarya ba.

A madadinsa, girgiza ambulan ɗin nan. Ɗan makullin da zai faɗo na fitar da iskar lagireto ne. Tsohon nan ya ba ni shi ranar da zan taho, ya ce in riƙa tunawa da shi duk lokacin da hannuna ya yi ƙaiƙayin rufe abu. Shekara da shekaru yana cikin akwatina, a garin da babu lagireton bango ko ɗaya, Innarki tana tambayata me nake ajiyar shi. Ashe naki ne. Ki gwada shi a ɗakin Nana, in ƙarfen ya ɗauki zafi har sama, ki kai tafin hannunta kusa ki ce mata angonta ne ya aiko.

Na taɓa ɗaukar 'yata a hannu ban san ko za ta sake kuka ba. Duk abin da na mallaka na yarda ki gada, ban da wannan.

Allah Ya ɗumama muku gida, Ya buɗe ƙirjin Nana, Ya yi wa aikinki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Innarki tana gaishe ku, ta ce in ƙara da cewa ki sa wa yarinya hula. Ki gai da Malam Sabi'u, ki ɓoye masa sifana.

Wassalam.

Mahaifinki.